Mutanen Lamba Tara

A cibiyar binciken, ɗakin masu kiran waya shi ne na ƙarshe a saman bene, kuma cikin fankokinsa biyu ɗaya ce ke juyawa. Tebura takwas ne a ciki, kowane da kwamfuta da abin saƙalawa a kunne. Aikin ba shi da wuyar faɗa. Tun watan da annoba ta rufe gari, cibiyar ta karɓi lambobin wayar mutum dubu da ɗari biyu daga hannun shugabannin tashoshin mota da kasuwanni shida: direbobi, teloli, masu aski, masu faci, mata masu kasa kaya a bakin titi. Duk bayan wata uku ana kiran su a ji yadda sana'a take, an samu aiki ko ba a samu ba, sau nawa aka ɗora tukunya a gida. Wannan shi ne zagaye na huɗu.

Teburin jikin taga na wata matashiya ne da 'yan ofis suka laƙaba wa suna Inajinka. Ita ta ja wa kanta. Ƙa'ida ta ce kira ɗaya minti goma sha biyu ne, tambaya ashirin da biyu, a gode wa mutum a kashe. Ita kuwa da zarar mutum ya saki hanya ya shiga ba ta labarin surukarsa ko ciwon gwiwarsa, maimakon ta dawo da shi kan tambaya ta bakwai, sai ka ji ta ce, "Ina jin ka, Baba." To, wa ya ƙi a ji shi? Sai kira ya kai rabin awa. Sau biyu ana kiran ta ofishin Dakta, shugabar binciken, a kan haka, sau biyu tana cewa ta daina, kuma har ga Allah ta yi niyyar dainawa. Aikinta na wata shida-shida ne, in ya ƙare a sabunta ko a sallame ta, don haka ba ta da bakin yi wa kowa gardama.

Cikin mutum ɗari da hamsin da ke hannunta akwai wani dattijo mai faci, wanda tun zagayen farko ya mayar da ita 'yar gida.

"'Yar tambaya ce?" haka yake ɗaga waya. "To bari in goge hannu, kada in shafa wa amsoshinki baƙin mai."

A bakinsa ta ji cewa shekara ashirin da shida yana zaune ƙarƙashin allon talla ɗaya a ƙofar tashar gabas, an canja hoton allon ya fi sau talatin, shi ko gezau. A bakinsa ta ji cewa injin iskarsa yana tari kamar tsohon mashayin taba, ba ya tashi sai da lallashi. A zagaye na uku muryarsa ta yi sanyi. Motoci sun dawo titi amma ba kamar da ba, ga matarsa ta kwanta asibiti. Duk da haka bai kashe waya ba sai da ya tsokane ta: "Ku dai kullum tambaya. Yaushe za ku fara ba da amsa?"

A zagaye na huɗu wayarsa a kashe take. Ta kira ranar Alhamis, ta kira ranar Juma'a, ta sake kira Litinin da safe, duk murya ɗaya ce ke ba ta haƙuri. Nan ma ƙa'ida a bayyane take: a kira sau uku a ranaku uku daban-daban, in ba a samu mutum ba a danna masa lamba tara a wuce. Tara na nufin ba a same shi ba. Ba ta nufin ya rasu, ba ta nufin ya yi ƙaura, ba ta nufin komai. Kwamfuta dai tana tsame shi gefe ta ci gaba da lissafinta da sauran. Inajinka ta ɗan tsaya da yatsa a sama, ranta bai so ba, sannan ta danna.

Da rana Dakta ta tara su a ɗakin taro. Mace ce da ta ba hamsin baya, gilashinta na rataye a wuya da igiya, ba ta ɗaukar wargi, kuma ba ta taɓa kiran kowa a ɗakin masu waya da wani suna ba sai "ke 'yar nan" ko "kai ɗan nan". Ta haska zane a bango, wani jan layi da ya faɗi ƙasa sannan ya kama hawa.

"A zagaye na biyu," in ji ta, "cikin kowane mutum goma, huɗu ne kawai suka yi aiki a makon da muka kira su. A na uku, shida. Yanzu takwas. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Duk rahotannin da ke fitowa bana, daga ko'ina, abin da suke nunawa ke nan: jama'a na farfaɗowa."

Masu bincike mutane ne masu haƙuri da taka-tsantsan, amma suna da rauni ɗaya. In suka ga layi ya miƙe sama, sai ka ga babba da furfurarsa yana washe baki kamar yaron da aka ba alewa. Ranar har Dakta sai da ta yi murmushi. Ta ce ranar Juma'a rahoton zai tafi wurin kwamitin da ke raba kayan sana'a ga waɗanda kullen annoba ya karya, kekunan ɗinki da injuna da baro-baro. Kwamitin rahoton yake jira. In jama'a sun miƙe, za a rufe rabon a ƙarshen wata a juya ga wani aikin.

Aka tafa. Inajinka ma ta tafa, kuma da zuciya ɗaya ta yi. Shekara guda tana jin kukan mutane a kunne, wa zai hana ta murna?

Tana haɗa jaka wayarta ta yi ƙara. Ummansu ce.

"Yayanki kwana takwas ban ji muryarsa ba. In na kira a kashe. Ki biya ki gano min shi, ni ƙafar nan ba za ta kai ni ba."

Yayan nata mai ɗaukar hoto ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da labulen da aka zana wa korama da furanni, ɗakuna biyu na bayan shagon kuma nan yake zaune da iyalinsa. Ta same shi a kan kujerar da ake zaunar da masu hoto, yana goge kyamara da ƙyalle, kyamarar da ba ta da ƙura ko kaɗan.

"Yaya, ina wayarka? Umma duk ta tayar da hankalinta."

"Ruwa ta faɗa."

Daga ciki matarsa ta ɗaga murya, "Faɗa mata gaskiya mana, ai ba baƙuwa ba ce."

Ya yi 'yar dariya, ya sosa ƙeya. Sai ya zura hannu a aljihun gaba ya fito da wata takarda da aka naɗe ƙanƙanuwa, ya warware ta a tafin hannu. Sim ne a ciki.

"Abin da tsari ne, ƙanwata," ya ce. "Talabijin ce farko. Sai firiji. Sai waya. Kyamara ce ƙarshe, ranar da kika ji na sayar da ita ki zo da mota ki kwashe mu. Yanzu ana ɗaura aure da mutum ashirin, kowa ya ɗaga wayarsa ya yi ƙyas, wa ke neman mai hoto? Amma makarantu sun buɗe. Wata mai zuwa akwai hoton ɗalibai, zan tashi in sha Allahu."

"To me ya hana ka faɗa mana?"

"Da wace wayar?"

Suka yi dariya su uku, har da matar da ta leƙo da ludayi a hannu. Inajinka ta ba shi tata ya kira Umma, ta tsaya tana jin yana rantse-rantsen lafiyarsa ƙalau. Tausayinsa ya kama ta, da kuma haushin wannan zurfin cikin nasa da bai taɓa rabuwa da shi ba.

Sai da ta zauna a motar komawa gida, tana kallon titi ta taga, wani tunani ya faɗo mata. Da a ce Yaya yana cikin mutanen cibiya, da ta kira shi sau uku ta danna masa tara. Da kwamfuta ta tsame shi gefe. Da jan layin nan na bango ya ƙara hawa, ba don wani ya samu aiki ba, sai don mutum ɗaya marar aiki ya fita daga lissafi.

Washegari ta riga mai shara isowa ofis. Ta buɗe mutanenta ta ƙirga masu tara: talatin da huɗu. Ta koma amsoshinsu na zagaye na uku, kan tambaya ta goma sha bakwai, wadda ke cewa, "A cikin wata ukun nan, kun sayar da wani abu na gida ko na sana'a don ku ci abinci?" Ashirin da takwas daga cikin talatin da huɗun sun ce e. Cikin waɗanda har yanzu ake samu a waya kuwa, da ƙyar ɗaya cikin huɗu ya ce e. Ta sake ƙirgawa da biro a bayan wata tsohuwar takarda, ko idonta ne ya yi mata gizo. Bai yi ba.

Ta daɗe a ƙofar ofishin Dakta kafin ta ƙwanƙwasa. Aikinta saura wata ɗaya a sabunta, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce wa Dakta ta yi kuskure ya fito da fara'a ba.

Dakta ta saurare ta ba tare da ta ɗago daga kwamfuta ba.

"Ke 'yar nan, a kowane bincike na duniya ana rasa mutane. Wani ya canja sim, wani ya yi tafiya, wani ya gaji da mu. An san da wannan tun kafin a haife ki."

"Haka ne, ranki ya daɗe. Amma waɗannan ba haka kawai suka ɓace ba. Waɗanda suka fi jin jiki ne suka ɓace."

Yanzu kam Dakta ta ɗago.

"Kina nufin zanen da na nuna jiya ƙarya ne?"

"A'a, ranki ya daɗe. Gaskiya ne. Gaskiyar waɗanda suka ɗaga waya."

Inajinka ta yi da-na-sanin bakinta. Dakta ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta ɗora gilashi a hanci, ta bi ƙirgen biron nan layi-layi. Ta tambayi ta ina tunanin ya zo mata, Inajinka ta ba ta labarin Yaya da sim ɗinsa.

"Yayanki mutum ɗaya ne, kuma ba ya cikin mutanenmu," in ji Dakta. "Ba na tsayar da rahoto a kan zato, kwamiti ba wasan yara ba ne. Ki kawo min biyar daga cikin masu taran nan naki, in ji daga bakinsu, kafin Alhamis da yamma. In ba haka ba, Juma'a rahoto zai tafi yadda yake. Ko da yake ban ga ta inda za ki fara ba, ba mu da adireshin kowa."

"Na san inda wasu suke zama."

"Ta yaya?"

"Su suka faɗa min."

Dakta ta dube ta ta saman gilashi.

"A cikin minti goma sha biyun?"

Inajinka ta sunkuyar da kai. Dakta ta yi mata alama da hannu ta tafi.

Ranar Talatar nan ta sha wuya a banza. Ta tafi babbar kasuwa neman wata tela da ta taɓa ce mata shagonta na kusa da masu sayar da zare, ta tarar da wani yana sayar da bokitan roba a wurin, bai ma san an taɓa ɗinki a ciki ba. Ta nemi wani mai gyaran agogo, aka ce ya koma ƙauye, aka kuma kasa faɗa mata wane ƙauye. Ta koma gida hannu rabbana, ƙafa a kumbure, takunkumin fuskarta ya jiƙe sharkaf.

Ranar Laraba ta nufi tashar gabas. Allon tallan na nan, da hoton wata mata tana dariya da sabulu a hannu. A ƙarƙashinsa ba kowa. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai, ga rabin taya a binne, ga ƙusoshi huɗu a jikin siminti inda inji ya taɓa zama. Inajinka ta tsaya tana kallon ƙusoshin.

"Mai faci kike nema?" Wata mata ce mai sayar da lemo, tana fere ɗaya da wuƙa. "Ya sayar da injin, yau wata biyu ke nan. Yana can bayan makaranta yana facin kekunan ɗalibai da famfon hannu, in ma bai zaga wani wurin ba. Kada ki wahalar da ƙafarki, 'yata. Ki je wurin mai caji ki zauna, ƙarfe biyar duk can suke taruwa."

"Su wa?"

"Marasa waya mana."

Rumfar mai caji ta katako ce, a jikin katangar tasha. Wayoyi sun fi hamsin a jere a kan kanta, kowace da igiyarta. A gefe ɗaya kuma akwai wata tsohuwar waya mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba, an kuma ɗaure ta da zare a jikin ƙusa. Mai cajin ƙato ne mai tumbi, yana magana yana fifita da kwali.

"Wannan ta jama'a ce," ya ce da ta tambaya. "Wani direba ne ya fara. Ya zo ya ce in ara masa waya minti biyu ya saka sim ɗinsa, ya ga ko an neme shi aiki. Kashegari ya zo da abokinsa. Kafin in ankara abu ya zama layi. Mutum ya saka, ya duba wa ya kira shi, ya kira gida, ya cire ya ba na baya. Ba na karɓar komai, ai ba cin ta ake yi ba."

Ya jawo wani gwangwanin madara ya nuna mata. Cike yake da kwalayen ashana, kowane da alama a jiki. Masu tsoron kada sim ya zube musu a aljihu, nan suke barin nasu.

Inajinka ta ji kamar ta rungume gwangwanin. Ta fito da takardar masu tara, ta ce ko zai bari a gwada sim ɗin ɗaya bayan ɗaya ta kira ta ga wanne zai yi ƙara.

Mai caji ya mayar da murfi.

"A'a, Malama. Amana ce. Ki jira masu su, kowa ya faɗa miki da bakinsa."

Kunya ta kama ta, don gaskiyarsa ce, kuma ita ya kamata ta fi shi sanin haka. Ya tura mata benci ta zauna.

Wajen ƙarfe biyar saura suka fara zuwa. Ba wanda ya yi kama da mai neman taimako. Riguna a wanke, gaisuwa da barkwanci, ana tsokanar wani mai aski wai tun da ya sayar da injin askinsa ya koma reza, kawunan unguwa suka shiga uku. Inajinka ta riƙa gabatar da kanta ga kowa, ta faɗi daga inda take, ta ce wanda ya yarda ya faɗa mata lambarsa. Na farko ba ya cikin takardarta. Na biyu ma haka, har na shida. Na bakwai, wani direban bas da motarsa ta kwanta ba kuɗin gyara, yana gama faɗin lambarsa ta ga ta a layi na goma sha ɗaya. Ta ja masa alama. Bayansa aka samu mai askin nan, sai wata mata da ke sayar da abinci a cikin tasha kafin kulle, yanzu tana wanki a gidajen mutane. Uku.

Sai ta ji murya daga baya.

"Mai caji, a ba tsoho hanya, yau ina jin za a kira ni daga fadar shugaban ƙasa."

Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. A ranta ta zana shi dogo, ashe gajere ne siriri, da famfon keke a hammata da wata jaka ta buhu a kafaɗa. Ta miƙe.

"Baba, 'yar tambaya ce."

Ya tsaya cak. Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ajiye famfon a hankali.

"Ke ce? Ikon Allah. Ashe 'yar mitsitsiya ce, duk tambayoyin nan daga ina suke fitowa?" Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. "Na ga kiranki, kin sani. In na saka sim sai saƙo ya shigo, wai lamba kaza ta neme ka. Sau uku. Duk ukun na bi kira. Sai a ce min wannan lambar ba ta karɓar kira. Na ce to, shi ke nan, sun gama da ni."

Gaskiya ne, wayoyin ɗakinsu fita kawai suke yi, ba a shigowa. Ba wanda ya taɓa ganin aibin hakan, har ita. Hawaye ya cika mata ido, ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Ta tambayi jikin matarsa, ya ce ta warke sarai, har ta dawo da faɗanta, injin ne ya biya asibiti kuma bai yi asara ba.

Ta jira har shida saura kwata, ba a ƙara samun wani na cikin takardarta ba. Ta koma gefe ta kira Dakta.

"Ranki ya daɗe, huɗu na samu. Ban kai biyar ba, amma gobe..."

"Duk a wuri ɗaya?"

"E. Akwai wani mai caji a nan, suna zuwa su saka sim a wayarsa."



"Ina ne wurin? Ce musu su yi min alfarma su jira ni."

Cikin rabin awa tsohuwar motar Dakta ta tsaya a bakin tasha. Ta fito da jakarta a hannu, ta tsallake kwata, ta gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, gaisuwar da Inajinka ba ta taɓa sanin ta iya ba. Ta zauna a benci tsakanin direba da mai wanki, ta tambayi kowannensu yaushe ya rabu da wayarsa da abin da ya sa. Ba ta rubuta komai ba. Daga nan ta juya ga mai caji ta ce mutum nawa ne ke zuwa.

"Na kullum-kullum arba'in da uku, Hajiya. Ban da 'yan jefi-jefi."

"Kai kaɗai ke yin haka?"

"Ina! Kowace tasha akwai irina, kasuwa ma haka. Na babbar kasuwa har wayoyi biyu ya ɗaure."

Dakta ta cire gilashinta ta sake shi ya faɗa ƙirji. Ta daɗe tana kallon tsohuwar wayar nan mai roba.

"Shekara talatin," ta ce, kamar da kanta take, "ina kayar da ɗalibai a jarrabawa a kan wannan kuskuren."

Ta ciro wayarta ta kira shugaban kwamiti, a nan gaban kowa, ba ta ko matsa gefe ba.

"Ranka ya daɗe, rahoton ba zai zo Juma'a ba. Mako uku nake nema. Kuma ina roƙo kada a rufe rabon kafin nan... A'a, ba a yi mana kutse ba, mu ne muka bar mutane a waje... Nawa? Kusan ɗari uku, kuma ina kyautata zaton su ne suka fi bukata... E, zanen zai sauko. Ba zai yi kyan gani kamar yadda na faɗa maka ba. Laifina ne, kuma zan rubuta haka a shafin farko."

Ta saurara na ɗan lokaci, ta ce ta gode, ta kashe.

"Ya yarda. Ba da daɗin rai ba, amma ya yarda." Ta dubi Inajinka. "Ke 'yar nan, daga gobe ku takwas ɗin duk waje za ku fito, kowa da rumfar mai cajinsa. Ke za ki nuna musu yadda ake yi. Allah ya ji ƙanmu, tambaya ashirin da biyu za ta koma awa guda."

Mai aski ya ce in dai haka ne a saka shi farkon layin masu inji, direba ya ce ai reza ta fi dacewa da shi, aka kwashe da dariya. Dakta ta ce ita ba ta raba komai, ƙirga mutane kawai take yi, kuma ko shi ɗin ma ga yadda ta yi da shi.

Inajinka ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Ta zaro takardar tambayoyi guda daga jaka, ta ɗora a kan gwiwa. Rana ta yi ƙasa amma da sauran haske. Mai faci ya gyara zama a gabanta, ya ɗora hannuwa a cinya kamar mai shirin ɗaukar hoto.

"Baba, ka yarda in yi maka tambayoyin?"

"In ban yarda ba me ya zaunar da ni?"

"A cikin kwana bakwai da suka wuce, ka yi wani aiki, ko na awa ɗaya ne?"

Ya ɗaga ido sama yana lissafi da yatsu.

"Na yi. Jiya faci uku, yau biyar. Ɗaliban nan sun fara sanin wurina." Ya leƙo yana kallon bakin biron. "Rubuta yadda na faɗa miki, 'yar tambaya. Kada ki rage don a tausaya min, kada kuma ki ƙara don a ce na warke."

Ta rubuta uku, ta rubuta biyar, ta wuce tambaya ta biyu.